Aikin Layin Waya a Kasuwar Bodija: Jagora ga Sabon Shiga

Yawancin buhunan wake da albasa da ake saukewa a kasuwar Bodija, an riga an ƙulla cinikinsu a waya tun motar ba ta baro Arewa ba. Dillali a Ibadan ya kira maigidansa a Dawanau ko Aliero ko Illela a tsayar da farashi, direba ya bugo daga Jebba ya faɗi inda yake, kuɗi su tafi ta waya, alat ya dawo ta waya. Ranar da layin ɗan kasuwa ya tsaya, cinikinsa ya tsaya ke nan. Saboda haka matashin da ya zauna a shagon layin waya a nan, ko na MTN ne ko Airtel ko Glo, ya san cewa ba kati da data kawai aka ba shi ya sayar ba. Lambar da mutum ke karɓar kuɗinsa da ita ce ke bi ta hannunsa, kuma a kan wannan za a auna shi.

Hausawa sun daɗe a garin nan. Tun 1916 aka keɓe musu unguwar Sabo, kusa da Mokola, inda fataucin goro da na shanu ya kafu, har wani masani mai suna Abner Cohen ya rubuta littafi sukutum a kan unguwar a 1969. Bodija kuwa ta zo daga baya, a 1987, a kan hanyar da ta tashi daga Sakatariya zuwa Jami'ar Ibadan. Wuri biyu ne daban, tafiyar ɗan lokaci a tasi Micra ko a acaɓa, amma jama'arsu suna cuɗanya: wani ya kwana a Sabo ya yini a Bodija. A da, saƙon farashi da na kuɗi a hannun amintattun matafiya da direbobi yake tafiya. Daga watan Agusta na 2001, lokacin da Econet da MTN suka fara aiki, waya ta karɓe wannan aikin gaba ɗaya. Glo ya shigo a 2003 da lissafin kira da daƙiƙa, Etisalat a 2008, wanda ya koma 9mobile a 2017. Econet kuma ya yi ta sauya suna, Vmobile, Celtel, Zain, kafin ya tsaya a Airtel a 2010. Har yau za ka ji dattijo ya ce maka layinsa Zain ne. Kada ka tsaya gyara masa, ka dai gane abin da yake nufi.

Matakan aikin

Aikin hawa-hawa ne. A sama akwai babban ofishin kamfani da shagunansa masu tambari, irin su MTN Connect da Gloworld, inda ake ɗaukar ma'aikata da takardar makaranta, su zauna bayan kanta da kwamfuta, da albashi. Ƙarƙashinsu akwai manyan diloli masu sarin layuka da kati daga kamfani. Sai ejan mai rajista, wanda dila ke ba wa na'ura. A can ƙasa kuma mai tebur da lema, mai sayar da kati da data da cajin waya. Mafi yawan yaranmu na Sabo da Bodija daga hawa biyun ƙasa suke farawa, kuma ba laifi ba ne, a nan ake koyon mutane.

Ka san yadda kuɗin ke shigowa tun kafin ka sa hannu. Ribar kati da data 'yan nairori ne a kan kowace ɗari, sai an sayar da yawa take taruwa. Rajistar sabon layi kamasho ake biya, kuma galibi ba ranar da ka yi rajistar ba, sai layin ya fara aiki, an sa masa kati an yi amfani da shi. Wannan tsarin ne ke jan sabon shiga zuwa ga gaggawa: ya ga cewa yawan layi shi ne yawan kuɗi. Kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma a wannan sana'ar wahalar da sunanka take zuwa a rubuce.

Kayan aiki ba su da yawa: na'urar rajista da kamfani ya amince da ita, abin ɗaukar hoton yatsa, farin ƙyalle ko farin bango na bayan hoto, fitila mai haske, layuka biyu na kamfanoni daban don ranar da sabis ɗin ɗaya ya ɗauke, fawa bank ko ƙaramar sola saboda wutar kamfanin IBEDC ba abin dogaro ba ce, da littafin rubutu. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta daɗe da hana yin rajistar layi a bakin titi. Kati kana iya sayarwa a ƙarƙashin lema, amma rajista sai a shago mai adireshi.

Rajista

Nan ne zuciyar aikin, don haka zan ɗan jima a kansa. An fara tilasta rajistar layi a 2011. Kamfanoni sun yi ta jan ƙafa har zuwa Oktoban 2015, lokacin da NCC ta ci MTN tarar naira tiriliyan 1.04 a kan layuka sama da miliyan 5 da ba su da cikakkiyar rajista kuma ba a rufe su ba, naira 200,000 a kan kowane layi. An daidaita a kan biliyan 330 a 2016. Tun daga nan babu kamfanin da ke wasa da ejan mai cika fom da ka. A Disambar 2020, zamanin da Isa Ali Pantami ke ministan sadarwa, aka ce kowane layi sai an haɗa shi da lambar zama ɗan ƙasa, NIN, har aka dakatar da sayar da sababbin layuka na wasu watanni. A Afrilun 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira, wa'adin ƙarshe kuma ya cika ranar 14 ga Satumba, 2024.

Ƙa'idar yau a taƙaice: mai layi ya zo da kansa, ya kai shekara 18, yana da NIN mai lamba 11, fuskarsa ko yatsansa ya dace da abin da ke rumbun hukumar NIMC mai ba da NIN, kuma bai wuce layi huɗu a kamfani ɗaya ba. Wanda ya manta lambarsa ta NIN zai iya danna *346# a layin da ya yi rajistar katin da shi, za a cire masa ɗan kuɗi kaɗan a nuna masa.

A takarda abin da sauƙi. A gaban tebur kuwa ga yadda yake kasancewa. Alhaji mai albasa ya zo, layinsa na shekara goma sha wani abu ya rufe, ransa a ɓace. Ka buɗe na'ura ka tarar a layin an rubuta Mamman Sani, a NIN kuma Muhammad Sani Aliero, a banki Mohammed Sanni da harafi biyu, domin wanda ya rubuta masa a wancan lokacin yadda kunnensa ya ji ya rubuta. Ranar haihuwa a wuri ɗaya 1 ga Janairu, a wani wurin wata shekarar daban. Wannan ita ce matsalar da ta fi kowace yawa a tsakanin mutanenmu a ƙasar Yarbawa. Kada ka ce masa “netwok ne”, ya tafi ya dawo gobe ya sake dawowa jibi. Ka juyo masa da fuskar na'urar, ka karanta masa sunayen ɗaya bayan ɗaya, ka ce, “Alhaji, ga inda suka saɓa. Wanda ke jikin NIN shi ne gwamnati ta sani. Idan shi ne daidai, layin za mu gyara ya bi shi. Idan kuwa shi ne kuskuren, ba ni da ikon taɓa shi, sai NIMC, kuma da kuɗi ake gyarawa.” Mutum yana iya jure jin cewa aikinsa zai ɗauki mako biyu. Yawon banza ne ba ya yafewa.

Sababbin masu rajista kuma ka kare su daga wannan tun farko. Kafin ka danna aikawa, ka karanta sunan da ƙarfi, harafi harafi idan da hali, kuma abin da ke NIN kaɗai za ka bi, ko da mai layin ya ce ba haka ake kiransa a gida ba.

Hoton yatsa ma da nasa sha'ani. 'Yan dako da masu turin baro da mahauta, zanen yatsunsu ya sha aiki ya goge, na'ura ta yi ta ƙi. Idan yatsan ya bushe ƙamas, ya goga shi a goshinsa ko gefen hancinsa ya ɗan sami maiƙo. Idan gumi ne ko danshin tattasai, ya wanke ya goge sosai. Ka share gilashin na'urar bayan kowane mutum, kuma ya ɗora yatsan a shimfiɗe, ba da tsini ba, ba kuma da danna ƙarfi ba. Hoton fuska yana son haske daga gaba, ba daga baya ba, a cire tabarau da hular da ta rufe goshi. Mace ba sai ta cire hijabinta ba, fuskar dai ta fito daga goshi zuwa haɓa. Shagon da ke da ma'aikaciya mace yana samun matan Sabo fiye da wanda ba shi da ita, kuma masu shaguna da yawa ba su lura da wannan ba.

Akwai buƙatun da za a kawo maka cikin ladabi da zumunci, amsarsu kuma a'a ce. Maigida zai ce ka yi wa yaran shagonsa layi uku da sunansa. Wani zai ce matarsa ba ta fita, ga NIN ɗinta a takarda. Wani zai raɗa maka cewa yana son layin da aka riga aka yi wa rajista, zai ninka kuɗin. Na farkon ka nuna masa cewa duk abin da yaron ya aikata da layin, shi maigidan za a nema, kuma ranar da yaron ya buɗe asusun banki da lambar ko layin ya ɓata a hannunsa yana Arewa, ba mai iya dawo da shi sai maigidan da ƙafarsa. Na biyun, matar ta zo a lokacin da ba cunkoso. Na ukun kuwa laifi ne kai tsaye, da irin waɗannan layukan masu garkuwa da mutane da 'yan damfara ke aiki, kuma na'urar tana ajiye sunan ejan da ya yi kowace rajista da ranar da sa'ar. Baƙi daga Nijar ko Chadi da ba su da NIN suna da nasu tsarin na takardun tafiya, ka tura su babban ofis, kada ka ara musu lambar wani.

Ranar da waya ta ɓata

A kasuwa mai cunkoso irin Bodija sanen waya ba baƙon abu ba ne. Wanda aka sace wa yakan iso gunka a gigice yana maganar wayar, alhali wayar ce mafi ƙanƙantar asarar. Ɓarawon da ya san aiki layin yake so, domin da shi zai danna lambobin banki ya gano asusu, ya nemi sauya lambar sirri. Don haka tsarin shi ne: a fara rufe asusun banki, ta lambar gaggawar bankin daga wayar wani ko ta zuwa reshe, sannan a kira 300 daga wani layin kamfanin a nemi rufe layin, sannan a zo maganar dawo da shi. Ka haddace wannan jerin, ka faɗe shi tun mutumin bai gama zama ba.

Dawo da layi, wato walkam bak, shi ne aikin da ya fi kowane haɗari. Mai layin zai zo da kansa da NIN, a gwada fuskarsa ko yatsansa, a tambaye shi lambobin da ya fi kira da katin da ya sa na ƙarshe, ya kawo kwalin layin ko takardar rantsuwa ta kotu idan kwalin ya ɓata. Tambayoyin na mai layi ne ya amsa. Idan ka ga mutum yana leƙa takarda, ko yana fita ya yi waya ya dawo da amsa, ko yana matsa maka lamba da cewa mota na jiransa, ka rage sauri. Wanda ya yi wa ɗan damfara walkam bak ɗin layin babban dillali ya miƙa masa mabuɗin asusun mutumin ne da hannunsa. Magada ma sukan zo neman layin mamaci saboda bashin da ake bin sa da wanda yake bi duk a lambar suke. Buƙatarsu gaskiya ce, amma ba aikin ƙaramin shago ba ne. Ka yi musu ta'aziyya, ka gaya musu za a nemi takardar shaidar rasuwa da ta gado, ka nuna musu hanyar babban ofis.

Duk wanda ka dawo wa da layi, kada ya tashi sai ka sa masa lambar sirri a jikin sim ɗin kansa, ba ta kulle fuskar waya kaɗai ba. Da ita, ko an cire sim an sa a wata wayar ba zai buɗe ba. Ka gargaɗe shi cewa kuskure uku yana kulle shi sai da PUK, lamba 8 da ke jikin kwalin, kuskuren PUK goma kuma yana kashe sim ɗin. Kwalin a ajiye shi tare da takardun gida. Masu tafiya gida noma da damina su sani cewa layin da ya yi wata shida ba a yi komai da shi ba ana iya rufe shi, idan ya ƙara wasu shida a ba wani lambar, alat ɗin bankinsu kuma ya koma shiga wayar baƙo.

Ƙorafin yau da kullum

Sauran yinin, abu uku ne za su yi ta maimaituwa: an cinye mini kati, data ba ta daɗewa, babu sabis. Na kati, ka duba ko ya ranci kuɗi an cire da lada, ko akwai waƙar kira ko wani saƙon da ya shiga bai sani ba ana yanka kullum, ko datarsa ta ƙare wayar ta koma cin kati. Na data, mafi yawan lokuta wayar ce: WhatsApp yana sauke duk bidiyon da aka turo a guruf, manhajoji suna sabunta kansu, yaran gida suna jone da hosfot, TikTok yana ta gudu. Ka shiga saitin ka nuna masa da idonsa wace manhaja ta ci nawa. Tun da NCC ta amince da ƙarin farashi har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, wannan ƙorafin ya ƙaru, kuma gaskiyar mutane ce, kada ka yi musu cewa ba a ƙara ba.

Batun sabis, idan kowa a layin shagunan ya rasa, ba wayarsa ba ce, kuma ba abin da za ka iya. Ranar 14 ga Maris, 2024 wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi ta wahala kwanaki. A Satumbar 2021 gwamnati ce da kanta ta rufe sabis a Zamfara da wasu sassan maƙwabtanta saboda tsaro, mai kira daga Ibadan ya yi ta zargin layinsa alhali can ne aka kashe.

Tun 2023 lambobin aiki iri ɗaya ne a duk kamfanoni, abin da ya sauƙaƙa wa mai shago ƙwarai: *310# duba kuɗi, *311* da lambar kati don lodi, *312# sayen data, *323# duba ragowarta, *303# rance, *996# batun NIN. Wanda saƙonnin talla suka dama ya tura STOP zuwa 2442. Ƙorafin da ya fi ƙarfinka a kai wa kamfani ta 300, a karɓi lambar ƙorafin a rubuta, idan ba a warware ba a kira NCC a 622, kyauta ne. Ka rubuta waɗannan da manyan baƙaƙe ka manna a bango. Wasu ejan suna ɓoye su don a riƙa dawowa gunsu. Ni ban ga hikimar ba, wanda ka koya wa duba kuɗinsa shi ne zai kawo maka 'yan garinsu rajista.

Wani tarko kuma: tun 2013 da aka fara sauya kamfani ba tare da sauya lamba ba, farkon lamba ya daina zama hujja. Mai 0803 yana iya zama a Airtel, mai 0805 a MTN. Kafin ka tura kati ko data ka tambayi kamfanin, ka maimaita lambar gutsure-gutsure, mai ita ya ce e. Abin da ya tafi lambar wani da wuya ya dawo.

Kuɗi da hali

Ka raba jari da riba a littafi tun ranar farko, ka rufe lissafi kowane dare. Idan kana haɗawa da MoMo ko SmartCash ko POS, kowanne da shafinsa. Alat ɗin da ke fuskar wayar kwastoma ba shaida ba ne, sai ka ga kuɗin a naka asusun. Bashi ba ya kaucuwa a cikin 'yan'uwa, amma ka yi masa iyaka, ka rubuta a gaban mai ci.

Harshe jari ne a nan. Hausarka ce za ta jawo maka 'yan Arewa da ke jin nauyin shiga babban ofis a Dugbe ko Ring Road a yi musu Turanci. Amma rabin kasuwar Yarbawa ne, Iya mai elubo da mai manja, 'yan katako na Iso Pako, ɗaliban jami'a. Ka koyi gaisuwarsu ta safe da ta rana da ƙirgen kuɗi, ka ɗan rusuna wa babba yadda suke so, ka iya buroka. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma layi a bi shi yadda aka zo, kada a ce mai shagon nan nasa kawai yake gani. Wanda ya zo da faɗa ka bar shi ya gama, ka ba shi kujera, sannan ka tambayi lambar. A ƙarshen Yulin 2024, da aka rufe layuka da yawa a lokaci guda, fushin jama'a ya kai MTN ta rufe ofisoshinta na ɗan lokaci. A irin wannan ranar ƙaramin ejan ne a gaba, kuma abin da ke cetonsa shi ne an san bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba.

Asirin mutane kuma ya tsaya a teburinka. Lambar NIN, hoton kati, lambar sirrin da Baba ya karanto maka da ƙarfi saboda ba ya gani sosai, babu wanda za ka rubuta ka ajiye ko ka ɗauka a wayarka. Ka miƙa masa wayar ya danna da kansa, ko ɗansa ya taya shi. Miji zai zo neman jerin kiran matarsa, mai bin bashi zai zo neman adireshin da ke kan wata lamba. Ba huruminka ba ne, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hana, kuma ko hukuma ce ke nema, ta kamfani take bi da takarda.

Idan ka yanke shawarar shiga, kada ka fara da sayen kaya. Ka zauna a shagon dila mai lasisi ka kalli aiki na wasu watanni. Kafin ka karɓi na'ura ka tambaye shi yaushe ake biyan kamasho, me ke sa a hana shi, da sunan wa aka buɗe na'urar. Idan da sunanka da yatsanka aka buɗe ta, kada ka ba kowa aronta ko na awa ɗaya, ko ɗan ɗakinku ne, domin duk layin da ta yi wa rajista kai za a tambaya.